Kwalba Ta Ashirin Da Biyar

Sabon Gari, Wudil
7 ga Afrilu

Zuwa ga Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Sakina, ɗinkin tiyatar yana kamewa? Yaya sabon angon naki da ya ƙwace min ke tun ranar da ya faɗo duniya, yana kama nono sosai? Allah Ya raya shi, Ya ƙara wa uwarsa sauƙi. Ki gaishe min da surukinmu da duk mutanen Bauchi.

Ga shi na koma wa wasiƙa, kamar lokacin da nake koyarwa a Lajawa ke kina gidanku. Ba ni na so ba. Kunnenki da waya ba sa jituwa, shekaranjiya na ƙarar da kati ina tambayarki ina makullin sito, kina ta ce min amin. Bilya direba yana shiga Bauchi Litinin da Alhamis, ya ce zai riƙa miƙa miki hannu da hannu.

Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba. Gida ya rage daga ni sai Yaya. Kin san tun da muka haife ta, shekara ashirin da shida ke nan, ban taɓa zama da ita babu ke a tsakani ba. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta sai dai Yayar da ƙannenta suka laƙaba mata, ita kuma ba ta haɗa ido da ni. Ta ajiye abinci ta ce wa ƙofa an gama, ni kuma in ce wa bango madalla. Da za ki leƙo ki gan mu, da kin yi dariya har da hawaye.

Amma zaman ya yi min rana, don na gano abin da take yi da kifayen nan da kike cewa sun cika mana gida da ƙarni. Aikin digirinta na biyu ne. Tasi'u masunci yake kamo mata tarwaɗa da rai, sha biyu daga ƙasan lambunan rani inda ruwan feshi yake gangarowa kogi, sha biyu daga can sama inda babu lambu. A makaranta take cire ƙwaƙwalwarsu, ta tace wani abu daga ciki, ta zuba a 'yan mitsi-mitsin kwalaben roba masu murfi, kowacce ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Su take kawowa firizarmu, tun da tamu a kan sola take, ba ruwanta da ɗauke wuta. Gangar jikin kifin kuwa tukunyarmu take dawowa, na ci tarwaɗa marar kai har na ƙoshi.

Ranar Juma'a na kasa haƙuri na tambayi bango mene ne a cikin kwalaben. Sai ta ɗauko tsohuwar kalanda ta yi min zane a bayanta, ta turo min ita ta kan tabarma. Bari in gaya miki yadda na fahimta, in na yi kuskure ba mai duba ni. Ƙwaƙwalwa, tamu da ta kifi duka, cike take da wasu ƙwayoyin halitta masu dogayen rassa, reshen kowacce yana taɓa na maƙwabciyarta. Duk lokacin da aka koyi sabon abu, a daidai mahaɗar nan ake ƙera wani sinadari, furotin, shi yake ƙarfafa wurin har abin ya zauna a kai. Umarnin ƙera shi kuwa wani ɗan saƙo ne yake ɗauko shi tun daga tsakiyar ƙwayar har ƙarshen reshe, sunansa RNA.

To akwai waɗansu 'yan ƙananan RNA ɗin da ba sa ɗauke da umarnin ƙera komai. Ta ce da can har masana ba su ɗauke su bakin komai ba. Ashe aikinsu shi ne su riƙe ɗan saƙon nan, su ce masa dakata, ba yanzu ba, sai lokaci ya yi su sake shi a ƙera daidai gwargwado. In babu su sai a yi ta ƙerawa ba kai ba gindi, ƙwaƙwalwa ta rikice. Ita so take ta gani ko maganin feshi yana taɓa waɗannan 'yan ƙanana. Tana cikin bayani ni kuwa ke nake gani. Shekara talatin kina ja min hannun riga kina cewa Malam dakata, ashe har a cikin kan kifi akwai irinki.

Yanzu ga wani sirri, tsakanina da ke. Yau da safe ta tafi Zariya da kwalaben, don na'urar da ke karanta su tana can. Kin san babu yaron da ya taɓa fita jarrabawa daga gidan nan ban tofa masa addu'a a ruwa ya sha ba. Wannan kuwa ai kwalaben ne za su zauna jarrabawar. Ta ce kada a taɓa kular ƙanƙarar da ta shirya su a ciki, na san da baƙi take da yaran maƙwabta, ba da mutum mai alwala ba. Da na dawo daga masallaci ta shiga wanka, sai na buɗe. Na ga tofi a kan murfi ba ya kai wa ga ruwa, don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ashirin da huɗu, in buɗe, in karanta Fatiha da Alam Nashraha, in tofa, in rufe. Na yi aswaki tukuna, hannuna kuma fes. Kafin ta fito na mayar da komai yadda yake.

Kada ki gaya mata. Ba na son ta ji nauyin yi min godiya, ni ma ban san inda zan sa idona ba in ta yi. Amma wallahi raina fari tas, na ji ni ma na sa hannu a karatun nan da ya fi ƙarfin kaina.

Ki kula da ƙafarki wajen ɗaukar ruwan zafi. Ina kewarki, ba zan ɓoye ba.

Naki,
Labaran


Sabon Gari, Wudil
24 ga Afrilu

Murja,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya. Na samu takardarki da dambun naman, Allah Ya saka da alheri, ko da yake Bilya ya rantse bai taɓa ba, ni kuwa na ga gwangwanin ya yi rami. Na ji daɗi da jin Sakina ta fara takawa har tsakar gida. Yaya cibiyar yaro, ta warke?

Na kuma ga layin da kika ja wa ƙasa har sau biyu, wai kada in ƙara taɓa kayan yarinya sai na tambaye ta. Har daga Bauchi kina ja min hannun riga. To yaya zan tambaye ta? In tsaya gaban 'yar fari in ce ina neman izinin yi mata addu'a? Ai gara ƙasa ta tsage in shige.

Labari dai ba daɗi. Kwana uku ta yi a Zariya, ta dawo fuska ba walwala. Ashe kafin su sa abin a na'ura sukan fara duba ko yana nan lafiya, to nata duk ashirin da huɗun ya daddatse. Ta nuna min hoton a waya, hannu a miƙe daga nesa. Wai in abin lafiya yake, layuka biyu ake gani fes a gurbin kowace kwalba. Nata kuwa kamar ɗalibi ya goge allo da hannun riga. Malamarta, Dakta Mas'uda, ta ce mai yiwuwa ƙanƙarar ce ta narke a hanya. Ni ma abin da na ce ke nan, don ranar zafi aka yi na fitar hankali, motar kuma an ce ta tsaya faci har sau biyu.

Ranar Asabar na raka ta bakin kogi, wai ni ne mai riƙon kula. Ina gaba tana baya, tsakaninmu mota za ta wuce. Ruwa ya ja sosai, yashi ya fito fili, masu wanki sun shanya kaya har tsakiya. Tasi'u yana zuba mana kifin yake cewa ta yi sauri, don da zarar ruwan sama ya sauka kogi ya kawo, kifin sama da na ƙasa za su cakuɗe, ba mai iya cewa wannan na ina ne sai baɗi. Ita kuwa ba ta da baɗi, a wannan zangon wa'adinta na makaranta yake cika. In bai yiwu kafin damina ba, shekara biyu sun tafi ke nan.

A hanyar dawowa, da yake ina gaba ba ma ganin fuskar juna, sai baki ya buɗe. Ta ce shi RNA da ma ba a halicce shi don ya daɗe ba, ya isar da saƙo ya watse, shi ya sa abu kaɗan yake kashe shi. Na ce to in haka ne yaya aka yi har yau nake tuna sunayen 'yan aji ukun da na fara koyarwa, har da mai cin alli? Ta ce ɗan saƙon ne yake mutuwa, amma mahaɗar da aka ƙarfafa tana nan. Muka ci gaba da tafiya. Na tuno ranar da na fara ganinki a bikin Huseina, da atamfa ruwan ganye, kina faɗa da mai ɗaukar hoto. Ko wane ɗan saƙo ne ya kai wannan labari cikin kaina, Allah Ya ji ƙansa, ya yi aiki mai kyau.

Mako guda ta yi tana fita tun sassafe, ba ta dawowa sai magariba. Jiya Laraba ta sake tafiya. Wannan karon ta cika kular da ƙanƙara har murfi yana ƙin rufuwa, ta kuma kama motar farko. Ni ma na ƙara nawa ƙoƙarin. Na zauna na yi tunani, yarinya mace tana neman hawa irin wannan matsayi, bakin mutane ba zai bar ta ba. Saboda haka na ƙara da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, kowace kwalba tofi uku. Ta naɗe akwatin kwalaben da salatif, na ɓare a hankali, na kuma mayar har ba a gane an taɓa. Na san abin da za ki ce, ki riƙe shi sai ta dawo da labari mai daɗi.

Ki sa ta a addu'a ke ma. A gaishe da kowa da kowa.

Naki,
Labaran


Sabon Gari, Wudil
8 ga Mayu

Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya ke da Sakina da yaro. Ki yi haƙuri gaisuwar yau gajera ce.

Na biyun ma ya lalace. Wannan karon ƙanƙara ko gezau ba ta yi ba, mutanen Zariya da kansu sun shaida. Dakta Mas'uda ta ce in ba hanya ba ce, to hannu ne. Ba da faɗa ta faɗa ba, an ce mace ce mai kirki, amma ta gaya mata gaskiya, kayan tacewar na zagaye ɗaya suka rage, ga damina a bakin ƙofa. Kwana goma yarinyar nan abinci sai dai ta taɓa ta ture. Na lura da hannuwanta lokacin da take ajiye min kwano, duk sun yi saɓa sun tsattsage saboda wanki.

Ranar Litinin bayan la'asar ina zaune a gindin darbejiya, ta zo ta durƙusa ta ajiye takarda a gefen tabarma, ta ce a duba mata Turancin. Takardar ajiye karatu ce, zuwa ga malamarta. A ciki ta jera duk abin da ta kiyaye. Safar hannu tana canzawa bini-bini, kwalabe sababbi dal, ruwa na musamman, takunkumi a baki, ko magana ba ta yi in kwalba tana buɗe. A ƙarshe ta rubuta cewa ta yarda hannunta bai dace da wannan aiki ba, kada a ƙara asarar kaya a kanta.

Ina riƙe da jan birona sai na tsaya a kan maganar takunkumin. Na tambaya me ya haɗa magana da kwalba. Ta ce ai a yawun mutum da gumin hannunsa akwai wani sinadari, yana cikin abubuwan da ke kare mu daga ƙwayoyin cuta, aikinsa ya daddatsa duk RNA da ya tarar. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa ya cinye kwalba guda. Na ce ko mutum ya yi aswaki, ko yana da alwala? Ta ɗan yi murmushi, na farko cikin kwana goma, ta ce ba ƙazanta ba ce, halitta ce, ko yawun jariri haka yake.

Murja, ni ne. Sau ashirin da huɗu a karon farko, sau saba'in da biyu a na biyu. Da bakina na bi aikin yarinyar nan kwalba kwalba na kashe, ina murna, har ina rubuto miki ina alfahari.

Ban gaya mata ni ne ba. Na gyara mata waƙafi biyu, na ce ta bar takardar a wurina in sake dubawa. Kwana uku ke nan tana aljihun rigata, da ita nake zuwa masallaci. Jiya liman ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, don na tashi a raka'ar da ake zama.

Ba faɗa nake tsoro ba, na san ba za ta ɗaga min murya ba. Abin da nake tsoro shi ne ta dube ni ta ga tsohon malamin firamare da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara wanke hannu, amma bai san abin da ke bakinsa ba. Har zuciya ta raya min in yi shiru, in lallashe ta ta sake gwadawa, ni kuma in kame bakina, aiki ya yi kyau, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. To amma ko ta yarda, da wane ƙarfin gwiwa za ta yi? Kuma sai ta rayu tana zaton hannunta ya ci amanarta har sau biyu. Duk sanda ta ajiye min kwano na ga tsagar nan a yatsunta, sai in tuna ni na jawo mata.

Kin ce in dakata ban dakata ba. Ki gaya min abin da zan yi, ko da faɗa ne.

Mijinki,
Labaran


Sabon Gari, Wudil
15 ga Mayu

Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata jikin Sakina ya ƙara ƙwari, yaro kuma yana barinku ku runtsa. Ban taɓa samun wasiƙa mai gajartar taki ba. Ko gaisuwa babu, ko sa hannu, sai layi ɗaya a tsakiyar takarda, wai wannan karon kada in dakata. Na juya bayanta ko akwai ƙari, babu.

Talata da hantsi na je ƙofar ɗakinta na yi sallama. Ba ta amsa ba, ko ba ta ji ba, ko ta ɗauka da wani nake, don ban taɓa tsayawa a ƙofar nan ba. Na yi gyaran murya, shiru. Sai na kira sunanta. Khaulat. Ni na zaɓa mata shi, amma tun ranar da na yi mata huɗuba a kunne bai ƙara fita daga bakina ba, har na ji shi baƙo a harshena. Ta fito a firgice ɗankwali a hannu, ta ɗauka rasuwa aka yi a Bauchi. Na ce kowa lafiya, ta zauna.

Ta durƙusa, ni kuma na jawo 'yar kujerarki ta tsakar gida na zauna. Na gaya mata komai, tun daga aswakin har salatif ɗin da na ɓare na mayar. Ban nemi wa kaina hanzari ba. Na ce ta gaya min kada a taɓa, na ji da kunnena, girman kai ne ya sa na ɗauka maganar ba ta hau kaina ba. Na ce hannunta ba shi da laifin komai.

Can ta ce, "Duka, Baba?"

Na ce, "Duka."

Sai ta ɗaga hannuwanta tana kallonsu, ta juya ciki ta juya baya, kamar an dawo mata da kayan da ta cire rai da su. Hawaye yana zuba ba ta share ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ranar ba a ɗora tukunya a gidan nan ba, kuma wallahi ban ga laifinta ba. Da ta fito ta yi kamar ba komai, da abin ya fi yi min ciwo. Na wuni a gindin darbejiya ina sauraren ƙofar.

Jiya da safe ta fito ta ce in ba ta takardarta. Na zaro ta daga aljihu duk ta yamutse. Ta cusa ta ƙarƙashin tukunyar shayi, muna kallo wuta ta cinye ta. Sannan ta ce a gaya wa Tasi'u ranar Asabar. Ki lura, ba tabarma ta gaya wa ba, ni ta gaya wa, ko da yake iyakar idonta maɓallin rigata. Na ce zan je da kaina wurin Dakta Mas'uda in faɗa mata gaskiya, a wanke ta. Ta ce a'a, a bar mata wannan. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna, ban ga ina da bakin roƙo ba sai aikin ya tsira.

Da ƙafata na je wurin Tasi'u. Muna tsaye ya nuna min gabas, hadari ya yi gangami can ƙasa-ƙasa, ana ɗan cida. Ya ce in Allah Ya so za mu riga shi, amma ba da nisa ba. Tun da nake ban taɓa ganin hadari na ji gabana ya faɗi ba sai bana. Manoma suna roƙon ruwa, ni ina jin kunyar abin da nake roƙo a zuciyata.

Na ɗaukar wa kaina alkawari, ranar tafiyarta ko inuwar kular ba zan taka ba. A masallaci zan zauna har motarta ta tashi.

A gaishe da mutanen gida. Na gode da layin nan ɗaya.

Naki,
Labaran


Sabon Gari, Wudil
29 ga Mayu

Zuwa ga Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da barka da ruwa. Ku ma ya sauka a wajenku? Yaya Sakina, yaya angon naki, an ce har ya fara dariya? Allah Ya albarkaci rayuwarsa. Ki ce masa ya ci lokacinsa, ya kusa dawo min da kayana.

Mun riga hadarin da kwana uku. Asabar aka kama kifi, Talata aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin gari ya waye kogi ya kawo ja wur, ya shafe yashin da muka tsaya a kai. Da yanzu ne, da sai dai wani labarin.

Ranar Alhamis ɗin tafiya na cika alkawari. Bayan asuba kowa ya watse na zauna da carbina, har ladan ya fara shara yana kewaye ni. Sai da rana ta fito sosai, na tabbata motar farko ta tashi, sannan na taho gida. Ina shiga zaure na tarar da ita zaune a kan dakali, da mayafi da jaka, kula a gabanta. Ta bar motar ta tafi. Na ce wani abin ne kuma ya faru?

Ta buɗe kular. Akwatin ashirin da huɗun a naɗe yake da salatif ta ko'ina, har da sa hannu a kai, wanda na san don wa aka yi. Sai ta sa safar hannu, ta zaro wata kwalba guda daga gefe, irinsu sak, da abin a cikinta. Ashe ta raba na kifi ɗaya gida biyu tun a makaranta. Ta buɗe murfin ta miƙo min da hannu biyu.

Ta ce, "Baba, ga taka. Ban taɓa fita jarrabawa ba tare da ka tofa min ba."

Na ce ai lalacewa za ta yi. Ta ce ta sani, aikinta ke nan. Murja, Fatihar da nake karantawa tun ina shekara biyar, ranar sai da na sake ta sau uku kafin ta fita daidai. Na tofa. Ta rufe, ta rubuta 25 a jiki, ta ƙulle ta a leda ita kaɗai, ta sa a kular tare da 'yan'uwanta. Na ce ta yafe min. Ta ce in daina, za ta rasa mota ta biyu. Ni na ɗaukar mata kular har tasha, kuma wannan karon kafaɗa da kafaɗa muka tafi, ban san ya aka yi ba.

Shekaranjiya ta dawo. Ba a waya ta nuna min hoton ba, a takarda ta wanko shi, ta zauna a gefen tabarmata ta shimfiɗa mana. Gurbi ashirin da huɗu, kowanne da layukansa biyu fes, a jere kamar 'yan makaranta a layin safe. Na ƙarshe kuwa, na ashirin da biyar, ya dame, irin na da. An riga an sa nata a na'ura. Ko feshi yana taɓa 'yan dakatan nan ko ba ya taɓawa, ta ce sai nan da wata biyu za a sani, kuma ko wanne ya fito karatu ne. Abin da ke gabanmu dai ya wuce, tana nan a makarantarta.

Na tambaya me ta gaya wa malamarta. Ta ce ta rubuta a littafin aiki cewa kwalba ta ashirin da biyar an sa mata yawu da gangan don a gwada, ba ta faɗi na wane ba. Dakta Mas'uda ta yaba da dabarar, har ta ce a sa hoton a cikin kundin digiri. Amma ina jin matar nan ta gane, don ta aiko a gaishe ni, wai in sa ta a addu'a ita ma, daga nan inda nake.

Na daɗe ina kallon gurbin nan da ya dame. Na ce, ba da ita ba, da tabarma, to ga abin da addu'ata take yi wa kaya. Sai ta ɗora yatsa a kan na ƙarshen ta ce wannan yawun kawai ya ɗauka. Ta ja yatsan a hankali ta kan sauran, tun daga na ɗaya har na ashirin da huɗu.

Ta ce, "Addu'ar ga inda ta sauka, Baba. Ba sai an buɗe murfi ba."

Na sa hannun riga na goge ido. Na ce hayaƙin maƙwabta ne ya shigar min ido, ta ce e, ita ma ta ji shi.

Yanzu abinci a gabana take ajiyewa, ta ce Baba ga abinci. Ni dai ban ƙara kiran sunan ba, sau ɗaya a shekara ashirin da shida ai ba laifi, kada a saba. Hannuwanta sun fara warkewa, na sayo mata man kaɗe a kasuwar Juma'a na ajiye a bakin ƙofarta, ba ta tambayi wanda ya kawo ba.

Bilya ya ce ranar Litinin zai bar miki kujerar gaba. Ki dawo haka nan, Murja. Kin ga abin da ke faruwa a gidan da babu mai cewa dakata.

A gaishe da Sakina da mijinta, a shafa min kan yaro. Sai kin iso.

Naki har kullum,
Labaran

Na sa miki hoton a cikin ambulan, ki riƙe shi da kyau, nata ne za a mayar. Ki duba na ƙarshe a hannun dama, wanda ya dame. Shi ne mijinki.